Tankin Hagu na Jirgin Adam

Babagana Mai Tanki ya sha kaye iri-iri a rayuwarsa, amma wanda matan unguwarsu a Azare ba su gaji da maimaitawa ba shi ne na shekarar da ya sa amaryar Dambam ta tare tana warin babur.

Ga yadda aka yi. Sana'arsa facin tankin mai, na babur da na mota da na janareta, a wata rumfa bakin tasha. Matarsa Ya Gana kuwa humra da turaren wuta take haɗawa irin na mutanen Borno, don iyayensu duka daga can suka taho tun su biyun suna goye. Ɗakin kayan ƙamshinta shi kaɗai ne mai ƙofar kirki a gidan, tagarsa ma ta toshe da tsumma kada ƙamshi ya tsere. Shi kuma yana da tasa hanyar gwada aiki. Fetur ba ya tsayawa ya ɗiga ka gani kamar ruwa. A zafin Azare, kafin ya gama fitowa daga ƙaramar huda ya bi iska. Don haka in ya gama faci sai ya cika tanki, ya toshe bakin, ya goge jikinsa tas, ya kulle shi a ɗaki ya kwana, da safe ya buɗe ƙofa ya ja numfashi. In ɗaki na wari, aiki bai yi ba. To wane ɗaki ya fi na Ya Gana dacewa? Ta tafi suna Itas za ta kwana biyu, mutumin naku ya lallaɓa ya ajiye tankin wani ɗan acaɓa a tsakiyar tasoshin turaren da ta haɗa na bikin 'yar wani Alhaji a Dambam. Tankin kuwa ashe yoyo yake kamar kwando. Kafin ta dawo masu biki suka aiko, 'yarsu Zulaiha ta juye ta ba su.

Gwaggwannin amarya mota guda suka yo shata suka zo. Ɗaya ta ce abokan ango har leƙa ƙarƙashin gado suka yi suna neman inda aka ɓoye babur. Ɗaya ta ce da aka zuba turaren a kasko, wuta ta yi tsalle ta lashe gefen mayafin uwar ango. Mai hankali da ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Babagana sai ya gyara hula ya ce a wannan zamani da maza ke kwana a layin gidan mai, amaryar da ta shiga tana ƙamshin fetur ai ta nuna daga gidan arziki ta fito. Ya ƙara da cewa tashin wutar nan ma shaida ce man ba gauraye ba ne.

Ya Gana ba ta ɗaga murya ba. Aikawa ta yi aka kira yayarsa, wadda ta goye shi, ta zaunar da ita kan tabarma, ta miƙa mata kwalbar humra ta ce ta shinshina ta yanke hukunci. Tsohuwa ta shinshina, ta yi atishawa, ta dubi ƙanenta ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka san inda ake ajiye abu ba." Hukuncin shi ne fetur ba ya ƙara wuce zaure, haka rigar da ta taɓa fetur, haka mutumin da ke cikin rigar sai ya yi wanka. Aka kafa masa zana a gefen zaure. Shekara da shekaru magidanci guda yana wanka a ƙofar gidansa kamar baƙon da ba a yarda da shi ba, yara na wucewa suna gaishe shi ta saman zana, yana amsawa da kumfa a kunne.

Kada wannan ya sa ku raina shi. A sana'arsa Babagana ba abin wasa ba ne. Tun yana saurayi wani tanki ya tashi da shi ya kwashe masa gira, ba ta sake tsirowa ba, shi ya sa kullum fuskarsa kamar an ba shi labarin mamaki. Daga ranar bai ƙara kai wuta kusa da tanki ba sai ya wanke shi da omo, ya zura masa hayaƙin salansa ya kore tururin man. Rabin masu facin tanki daga Azare har Katagum a rumfarsa suka koya. Direba in ya ce maka Babagana ne ya yi masa faci, to ko sabulun toshe yoyo ba ya ɗauka a mota. Ba shi da gona, ba shi da gidan haya, bai je Makka ba. Abin da ya tara a duniya wannan suna ne, sai hancin da ya samo masa shi.

Hancin ne ya fara tafiya. Mutum ya shekara talatin yana shaƙar fetur kamar mai shan magani, me kuke jira? A hankali abin ya zo, har ranar da ya buɗe ɗakin gwaji ya ja numfashi bai ji komai ba, alhali ga tabon mai a ƙasa yana kallonsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya Gana ce ta gano, ranar da gefen tabarmar da yake kishingiɗe a kai ya kama da garwashi, hayaƙi na tashi, shi yana ta ba ta labarin tsadar dalma. Ta kashe wutar, ta shiga ɗaki ta ɗauko humrarta mafi ƙarfi, wadda in ta buɗe maƙwabta ke sani, ta kai masa hanci ta ce mene ne wannan. Ya ce man gyaɗa.

Ta yi dariya har ta zauna. Da ta gama ta ce to Malam, an zo wurin. Amma ba ta tona shi ba. Daga ranar, kowace safiya kafin gari ya waye sosai, sai ta fito zaure ta tura ƙofar ɗan ɗakin da yake kulle tankunan, ta sa kai, ta ja numfashi sau ɗaya. In aiki ya yi ta ce, "Lafiya." In bai yi ba ta ce, "Da saura." Shi kuma ya tafi rumfa ya faɗa wa mai tanki da bakinsa, yana taɓa hanci kamar nasa ne ya yi aikin. Hancin Ya Gana kuwa yana rarrabe sandal na gaske da na jabu daga bakin ƙofa, balle fetur. Sunan Babagana ma sai ya ƙara tashi. Ladanta kawai tsokana, ta ce ita ce mai tanki, shi ɗan aike ne. Ina jin a duk aurensu ba su taɓa shiri kamar na shekarun nan ba. Ba abin da ke gyara aure kamar miji ya san asirinsa na hannun matarsa.

Sai maganar Adam, ɗansu na fari, kuma namiji ɗaya cikin 'ya'yansu. Ya Gana ta tashi cikin Fulani da Hausawan Katagum, ta ɗauki kunyar ɗan fari ta riƙe fiye da masu ita. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ya yi zazzaɓi sai dai ta tambayi ƙannensa ko wancan mutumin ya ci abinci. Adam ya girma ya zama mai gyaran janareta, hannunsa da kyau kamar na ubansa, kansa kuma cike da iska. Ya haura talatin, da mata da 'ya, sai ya ce shi jirgin sama zai ƙera. Aka yi dariya, aka ce zai gaji. Bai gaji ba. A kangon bayan gidansu ya fara, yana kallon yadda ake yi a waya, yana zane a bango da gawayi. Ya sayo injin tsohuwar mota Bitil, ya sassaƙa farfela da katako, ya yi ƙafafu da tayoyin babur. Abin da ya samu a janareta jirgi ke cinyewa. Shekaru suka tafi, abu ya fara kama da jirgi, masu dariya suka fara rage murya.

Wani rani suka ja shi da akori-kura zuwa wani fako a hanyar Katagum, jarkar mai ɗaure a bayan kujera. Adam ya shiga, inji ya ɗauka, jirgi ya ruga kamar zakaran da aka biyo. Kuma ya tashi, wannan ba a musu, rabin Azare sun gani. Ya kai gwiwar mutum, wasu sun ce ƙugu, sannan ya karkata ya sauko kan taya ɗaya ya yi juyi ya tsaya. Adam ya fito baki duk jini, haƙori ɗaya babu, yana dariya yana ɗaga hannu. Ya Gana ba ta je ba, ina ita ina zuwa kallon ɗan fari. Da aka dawo ana ba ta labari, abin da ta tambaya shi ne ko an dawo mata da tabarmar da aka ara. Amma ranar tuwon gidan ya ƙone, kuma mai hanci irin nata na zaune kusa da tukunya.

Bayan haka Adam ya zo ya durƙusa gaban ubansa a rumfa. Ya ce jarka ce ta karkatar da shi, man yana kai-kawo a ciki. Jirgin gaske a cikin fukafukai yake ɗaukar mai, dama da hagu daidai wa daida, gindin fiffiken kansa shi ne tankin. Ya ce in tankin ya yi yoyo a sama, ga salansa da zafi kusa, to ba sai an yi bayani ba. Ya ce, "Baba, ba wanda zan yarda in zauna tsakanin tankunansa sai kai."

Babagana ya ce zai duba, kamar an roƙe shi aron guduma. Amma ya koma gida yana tafiya kamar ango. Duk rayuwarsa ruɓar wasu yake toshewa, tsatsar wani, haɗarin wani. Wannan ne karo na farko da zai yi tanki tun daga fallen ƙarfe, kuma tankin da zai hau sama da ɗansa. Aka fasa bangon ɗakin zaure aka ƙara masa tsawo don fiffike ya shiga.

Aikin ba irin wanda ya saba ba ne. Fallen alminiyam ne marar kauri, wutar waldarsa in ta taɓa shi sai ya narke kamar kitse. Sai dai a haɗa da ribit, ƙananan ƙusoshin nan da ake matsewa, a cike tsakani da wani baƙin gam mai haɗi biyu da Adam ya sha wuya kafin ya samo daga Kano. Babagana ya koyi halin gam ɗin kamar yadda ake koyon halin suruka. Ba ya son maiƙo, ko yatsa ka ɗora a wurin ba zai kama ba, don haka sai ya kankare ƙarfen, ya goge da tina, ruwan nan mai cire maiƙo, har farin tsumma ya fito fari. Ba ya son zafi, in rana ta ɗaga kafin ka shafa ya daskare a kan katako, don haka daga sallar asuba yake farawa, ya kwaɓa kaɗan-kaɗan. Kowace ƙusa sai ya tsoma ta a gam kafin ya sa, in ya matse kuma ya ɗora mata ɗigo a kai kamar hula. A ciki ya yi shinge-shinge masu ƙananan ƙofofi don kada mai ya riƙa gudu gefe guda. Na ƙarshe shi ne murfin baya, wanda in ka rufe shi hannu ba ya ƙara shiga, abin da ka yi ka yi. Gam ya ɓata masa riguna, ya manne masa a gemu, ya bar rumfa a hannun Allah. Bai damu ba.

Aka gama na dama, aka cika, aka kulle. Da safe Ya Gana ta sa kai ta ce, "Lafiya." Aka gama na hagu, aka cika, aka kulle. Ta sa kai, ta daɗe fiye da yadda ta saba, ta ce, "Da saura."

Ba komai, aiki ya gaji haka. Ya huda ƙusoshin murfin ya cire, ya kankare gam, ya sake. Da saura. Ya ce ko wurin bututun ne, ya sake. Da saura. Damina ta shigo ta fita. Kuma kowace buɗewa da kuɗinta a jikin ƙarfe, don ramin ƙusa in ka huda shi sau biyu ya faɗaɗa, sai ka nemi babbar ƙusa, fallen kuma yana ƙara laushi. Adam yakan shiga ɗakin da kansa ya shinshina ya ce shi fa bai ji komai ba. Uban ya ce kai da kake wanka da fetur me za ka ji. Adam ya haƙura, don duk garin an san hancin Babagana ba a ja da shi.

Ku kun riga kun gane, don ku ba mazan kowa ba ne a labarin nan. Fiffike ɗaya ba ya tashi da jirgi, Ya Gana ta san wannan ba tare da ta kalli waya ba. Ba ta iya kiran ɗanta ta ce kada ka hau, bakinta bai saba ba, kuma ko ta faɗa an san amsar. Ba ta iya kuka a gaban mutane a kan ɗan fari. Abin da take da shi a duniya da zai riƙe jirgin nan a ƙasa kalma biyu ne da safe, sai ta yi ta faɗinsu. Na dama ma da ta bari, ina jin tausayin tsohon ne ya kama ta, ta ce a bar masa ɗaya.

Gari kuwa ba ya jira. Mutanen da suka ga jirgi ya kai gwiwa suna son su ga ya kai gajimare, kullum suna tambayar Adam yaushe, shi kuma ya ce tanki ake jira. A majalisar bakin tasha aka fara cewa tsufa ya kama Mai Tanki. 'Yan acaɓa suka laƙaba masa Baba Da Saura, suna faɗa in ya ba da baya, daga baya ma ba sa jira ya ba da bayan. Masu kawo faci suka koma wurin Gidaɗo, wanda a rumfar Babagana ya koyi riƙe guduma. Adam da kansa, da abin ya ishe shi, ya je wurin Gidaɗon a ɓoye ya ce ya zo ya duba. Gidaɗo ya ce ko duniya za ta tashi ba zai sa hannu a kan aikin maigidansa ba, amma fa bai hana shi karɓar masu babur ɗin maigidan nasa ba. Babagana ya rame. Yakan zauna gaban fiffiken yana bin layin ƙusoshi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kansa wace ce munafukar.

A rani na biyu Adam ya zo da sabuwar dabara da ya gani a waya. Ya ce a bar maganar hanci. A juye man, a wanke tankin ya bushe, a toshe ko'ina, a ɗaura balan-balan a bakin bututu, a hura iska da famfon keke. In akwai huda balan-balan zai kwanta, sai a bi jikin tankin da kumfar omo a ga inda take tasowa. Uban bai so ba, amma ba shi da bakin ƙi. Adam ya ɗaura wani ja irin na yaran Sallah, ya hura, ya ce an kira shi gyaran injin niƙa a Hardawa, sai gobe bayan la'asar zai dawo.

Babagana ya ɗauko kujera ya zauna gaban balan-balan. Yini guda abin nan na tsaye, cike, yana sheƙi. Da asuba ya tarar ya ɗan yamutse, ya ce shi ke nan. Da hantsi ya ɗaga ɗaki ya ɗumama, sai ga shi ya sake cika ya miƙe kamar jiya. Sanyi ne kawai ya taɓa shi. Iska ko kaɗan ba ta fita ba. Tankin da ya riƙe iska kwana da yini, ina fetur zai bi?

Ya daɗe a zaune. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce Ya Gana ta zo ta duba masa, kamar kullum. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Bai gaya mata cewa babu mai a cikin tankin ba. Idonta na kan jan abin nan, gefen mayafinta kuma ta kai shi ta rufe hanci da baki, ko numfashi ba ta ja ba.

Ta ce, "Da saura."

 Ta juya za ta tafi, ta tsaya, bayanta gare shi. Ta ce, "An ce in ya tashi na gaske, sai ya fi giginya nisa."

Ya ce, "Haka aka ce."

Ta shige gida.

Fushi ne ya fara zuwa, kada a yi masa ƙarya. Shekara biyu na sunansa, rumfarsa, ƙwaurinsa da ya sha tsugunno, duk matar nan ta zuba su a kasko ta ƙone tana kallonsa kowace safiya. Ya miƙe da niyyar in Adam ya dawo ya nuna masa balan-balan, ya tara 'yan tasha su gani, ya ce ga aikin Babagana. Har ya ji daɗin abin a bakinsa. Sai ƙafarsa ta kai shi kangon baya inda gangar jirgin take. Ya dubi kujerar, ta roba ce irin ta gidan biki an yanke mata ƙafafu. Ya dubi wayoyin da ke juya jela, na birkin babur ne. Shi bai san komai game da tashi sama ba. Wataƙila haka ake yi, wataƙila abin zai tashi lafiya ya sauka lafiya, Adam ya shiga rediyo, a ce ɗan Azare ne. Wataƙila kuma a kawo masa shi a tabarma. Abin da ya sani shi ne, in ya buɗe baki yau, jibi yaron nan yana sama da giginya a kan kujerar biki. Kuma tun da aka fara, tsakanin ɗansa da wannan kujera ba abin da ya tsaya sai ƙaryar tsohuwa.

Ya koma ɗakin zaure ya ɗauko basilla. Kwance balan-balan ba zai wadatar ba, Adam zai sake hurawa ya bi da kumfa. Ya kwanta rigingine ƙarƙashin fiffiken, ya nemi layin ƙasa, can kusa da gindi inda ba a gyarawa sai an farke fiffiken gaba ɗaya, inda ya fi kowane wuri yi wa aiki mai kyau. Ya sa bakin basilla gefen wata ƙusa ya murza a hankali har ya ji ta wuce. Ya goge wurin. Ya koma kujera ya zauna yana kallon jan abin yana sunkuyawa kaɗan-kaɗan har ya kwanta.

Adam ya dawo da abokansa biyu da wasu 'yan kallo. Ya ga balan-balan a kwance. Ya sake hurawa, ya kaɗa omo a bokiti, ya bi layi-layi da soso. A ƙasa kusa da gindi kumfa ta taso, ƙanana, a jere, kowa ya gani. Ya daɗe a tsugunne. Ya san fallen ba zai ɗauki wata buɗewa ba, ya san ba shi da halin sabon fiffike. Ya miƙe yana goge hannu a wando, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Baba, da tun farko ka ce mini ba za ka iya ba."

A gaban mutane ya faɗa. Babagana ya ce, "Haka ne."

Kafin damina Adam ya sayar da injin ga wani manomin shinkafa a Katagum, yana can yana jan ruwa. Ya kwashi matarsa da 'yarsa ya koma Kano gyaran janareta. Gangar jirgin na nan a kango, kaji na ƙwai a inda matuƙi zai zauna. Ko da zai tashi, ko da zai faɗo, ba mai sani, kuma duk wanda ya ce muku ya sani ƙarya yake. Abin da aka sani shi ne Adam na da rai, da ƙiba ma, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara ganin gurbin haƙorin nan, don ba ya dariyar da za a gan shi. Yakan zo da Sallah. Ya durƙusa a zaure ya gaida ubansa yadda addini ya ce, ido a ƙasa, kalma uku, sannan ya shige ɗakin uwarsa ya yini. Ita ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa, tana ta tura masa kwano da ƙafa tana ɗaure wa matarsa humra. Tsohon na zaure yana jin muryarsu ta bango.

Rumfar bakin tasha yanzu bokiti da buta ake kawowa. Wanda ya kawo tanki, baƙo ne bai san gari ba.

Sallar da ta wuce, bayan Adam ya koma, Ya Gana ta kawo wa mijinta tuwo zaure ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta fara da cewa tsufa ya zo musu, ba a san gawar fari ba. Ta ce bai kamata uba da ɗa su zauna haka ba. Babagana ya ce shi bai kori kowa ba. Ta ce taurin kai ne irin nasa, babba shi ke sassautowa, ya shiga mota ya je Kano ya ba wancan mutumin haƙuri. Ya ce haƙurin me. Ta ce yaro ya zuba ƙuruciyarsa a abu, ya dogara da ubansa. Ya ce ta bar maganar. Ba ta bari ba. Wanda ya daɗe yana faɗin abu yakan manta inda ya samo shi, ga alama har ita ta fara yarda da kanta. Ta ce ba abin kunya ba ne mutum ya amsa cewa hannunsa ya gaza, kowa ya ga kumfa da idonsa, tun da dai tankinsa ne ya yi yoyo, shi ya kamata ya fara.

Babagana ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya dube ta da fuskar nan marar gira.

Ya ce, "Ya Gana, ranar nan hancinki a cikin mayafi yake, ina kallo. Hudar kuma ni na yi ta da basilla, don kada ki zama maƙaryaciya. Ke kin samu ɗanki, ni na samu sunan Baba Da Saura. Bar ni in ci tuwona."